Rubuta burinka kamar yadda mai shago ke rubuta bashi

Lokacin da nike zama shagon kawuna cikin babbar kasuwar Katsina, bayan na gama sakandare ina jiran sakamako, akwai wani littafi da ko ni da nike ɗan ƙanwarshi ban isa in taɓa ba sai ya ce ɗauko. Littafin 'yan makaranta ne mai falle sittin ɗin nan, bangon duk ya sha manja, an ɗaure shi da roba, biron kuma an ɗaure da zare a jikin kanta don kar ya yi ƙafa. Littafin bashi kenan. Duk wanda ya ɗauki kaya sai an rubuta sunanshi, me ya ɗauka, nawa ne, da ranar da ya ce zai kawo. Wata rana wani dattijo abokinshi ya ɗauki sukari kwano biyu, ya ga an jawo littafi, ya ce haba Alhaji, har ni sai an rubuta? Kawu ko kai bai ɗaga ba ya ce mashi, "Malam ai ba kai nike tsoro ba, mantuwa nike tsoro."

Sai da na daɗe kafin in gane cewa wanda ya fi kowa cin bashina ni ne da kaina. Zan koma islamiyya, zan fara tari, zan daina kwana kan waya, zan koyi kwamfuta, zan riƙa leƙa gwaggo a Daura, kullum zan zan zan, ba adadi, ba rana, ba wanda ya ji balle ya tambaye ni. Da a shagon Kawu nike cin irin wannan bashin da tuni an hana ni kaya.

Ka duba ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, aya ta 282 cikin Baƙara, maganar bashi take, an ce in an ƙulla bashi zuwa wani lokaci sananne a rubuta, a sa shaidu, kuma kar a ƙosa da rubuta shi ƙarami ne ko babba. Ba tafsiri nike ba, wannan aikin malamai ne, amma tsarin nan na aro: a rubuta, a faɗi nawa, a sa rana, a samu shaida. Jagoran nan gaba ɗaya kan wannan ya zauna.

Wani abu kafin mu shiga. Akwai labarin da ake ta yawo da shi a Facebook da wajen bita, wai a 1953 an tambayi ɗaliban jami'ar Yale ta Amurka (wasu su ce Harvard), kashi 3 cikin 100 kaɗai suka rubuta burinsu, bayan shekara 20 sai suka fi sauran 97 ɗin dukiya. Ƙarya ce, an nemi wannan binciken an rasa, jami'ar ma ta ce ba ta da shi. Kar ka ƙara turawa. Wanda yake gaskiya shi ne aikin wasu masana biyu, Edwin Locke da Gary Latham, sun shafe shekaru suna gwaji kan ma'aikata da ɗalibai, kuma abin da suka yi ta gani shi ne wanda aka ba takamaiman abu mai ɗan wuya ya fi wanda aka ce ma "yi iya ƙoƙarinka" aiki. Rubutu ba laya ba ne, amfaninshi kawai ya tilasta maka faɗin takamaiman abu.

Mataki na farko: samo littafi

Na takarda nike nufi. Na san za ka ce ai akwai waya, to ni na gwada, ka buɗe ta da niyyar duba burinka ka farka bayan awa guda kana TikTok, ga rashin chaji in an ɗauke wuta, ga ranar da za ta faɗi ko a yi awon gaba da ita. Sayi ƙaramin littafi wanda ba a haɗa shi da lissafin cefane ko lambobin waya ba, ka aje shi inda yara ba za su yage su kai ma mai ƙosai ba. Ka rubuta da harshen da kake tunani da shi. In Hausa ce Hausa, in ajami ya fi maka sauƙi yi da ajami, ba wanda zai maka maki. Na lura duk sanda na rubuta da Turanci sai in kama zuba manyan kalmomi irin na takardar neman aiki, in karanta in ji daɗi, amma ban san me zan yi gobe da safe ba.

Na biyu: zazzage, sannan ka tankaɗe

Samu lokacin da gida ya yi shiru, bayan asuba ko bayan isha'i, ka zauna ka zazzage duk abin da ke ranka a shafi biyu na farko. Kar ka tace komai, daga sayen fili har daina cizon farce, ko talatin ne rubuta. Sai ka rufe littafin ka bar shi kwana biyu ko uku, saboda abin da ka rubuta cikin zafin rai, misali ranar da ka ga abokinka ya sayi sabon mashin, yakan huce da kanshi.

In ka dawo sai tankaɗe, kowane layi ka yi mashi tambaya biyu. Ta farko, nawa ne ko na mutane ne? Da yawa cikin abin da muke kira buri maganar majalisa ce ko gorin dangi, ka ga mutum na son digiri na biyu don kawai sa'anninshi sun yi alhali ranshi na kan kiwo. Ta biyu, a hannuna yake? Samun aikin gwamnati, miji na gari, haihuwa, farashin masara, duk ba a hannunka suke ba, waɗannan wurinsu addu'a, abin da za ka rubuta shi ne ɓangaren da ke hannunka. "In samu aiki" ya koma "in gyara takarduna, in koyi Excel, in tura nema wuri biyu kowane sati."

Cikin abin da ya rage ɗauki uku. Uku kawai. Shekarar da na fara wannan abin buri sha ɗaya na rubuta ranar 1 ga Janairu, har da ja ma kowane layi da jan biro, kafin azumi ya zo littafin ya koma wanda ake lissafin kuɗin ruwan 'yan garuwa a bayanshi, ko ɗaya ban yi ba, taura biyu ma ba ta taunuwa balle sha ɗaya. Yanzu ɗaya nike ɗauka na addini ko ilimi, ɗaya na aljihu, ɗaya na jiki ko hali. Sauran ka kai su shafin ƙarshe su bi layi, ba jefar da su ka yi ba.

Na uku: sa adadi da rana

Nan aikin yake, nan kuma mutane ke gudu. Masu bitar ƙungiyoyi suna ce ma wannan SMART, wato buri ya zama takamaimai, mai aunuwa, mai yiwuwa, mai rana, wani George Doran ne ya fara rubuta shi a 1981, Kawu kau bai taɓa jin sunan ba amma littafinshi ya cika sharuɗɗan kaf. Kowane buri ka ba shi shafinshi, a sama ka rubuta jimla ɗaya mai ɗauke da me, nawa, zuwa yaushe. Ƙarƙashinta dalili a layi ɗaya. Sannan ka yi ta raba shi har sai ka iso abin da za a iya yi a rana guda. Bari in nuna da misalai don a baki yana da sauƙi.

Hadda. "Ina so in haddace Alƙur'ani" fata ne mai kyau amma ba a san ta ina za a kama shi ba. Izu 60 ne, kowane izu sumuni 8, sumuni 480 kenan. In kana iya sumuni ɗaya a sati, sati 52 zai ba ka izu 6 da rabi, amma kar ka rubuta haka, cire satin Sallah biyu, cire na zazzaɓi da tafiya da na muraji'a zalla, ka lissafa da sati 40. Izu 5 kenan a shekara. Sai ka rubuta: "Daga nan zuwa ƙarshen Sha'aban mai zuwa zan haddace izu 5 daga ƙasa, sumuni ɗaya a sati, in kai ma Malam hadda kowace Asabar." Wani zai raina izu 5, to shekara nawa ka yi kana cewa za ka fara? In kuma sauka kake so, izu biyu a rana wata guda ne, izu ɗaya a rana wata biyu, zaɓi wanda numfashinka zai kai.

Tari. Ƙanwata ta daɗe tana cewa tana son keken ɗinki, na ce mata nawa ne, ta ce oho da tsada dai. To ka ji matsalar, shekara biyu tana son abin da ba ta san kuɗinshi ba. Abu na farko a shafinta shi ne aika a tambayo farashi wuri uku, sabo da na hannu. A ce an ce maka dubu 120, raba da sati 40, dubu 3 a sati, wato 500 a rana kwana shida. Yanzu tambaya ta koma ina 500 za ta fito, kuma wannan tana da amsa: kitso biyu, ko awara, ko rage katin data. Ka rubuta inda kuɗin za su kwana, asusu mai kwaɗo, adashi, ko wani akawun da ba ka yawo da katinshi, domin kuɗin da ke cikin aljihu ɗaya da na cefane sunansu na cefane. Sannan tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa ya ga yadda farashi ke tashi ba sallama, saboda haka duk wata ka sake tambayo kuɗin ka gyara lissafi, in abin ana iya sayenshi gunduwa gunduwa ma ya fi, ƙanwar tawa ma kan keken ta fara saye daga baya aka haɗo ƙafar.

JAMB. Maki 400 ne, darussa huɗu, Turanci dole, tambaya 180 cikin awa biyu a kwamfuta, in ka raba sakan 40 ke gare ka kan kowace tambaya. "In ci JAMB" ba a hannunka yake kai tsaye ba, amma "tambaya 40 daga na shekarun baya kullum bayan la'asar da agogo a gabana, ranar Asabar in je kafe in yi awa ɗaya don hannuna ya saba da linzami" wannan naka ne. Ka duba makin da kwas ɗinka ke nema a Jami'ar Umaru Musa Yar'adua ko ta tarayya da ke Dutsin-Ma ko duk inda ka nufa, ka rubuta abin da ya ɗara shi.

Jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a sati, minti 30 sau biyar kenan, tafiya da sauri ma ta wadatar. Rubuta daga ina zuwa ina, kamar daga gida zuwa Ƙofar Ƙaura in dawo, kar ka tsaya a "zan riƙa motsa jiki."

Na hali su ne masu wuyar aunawa, rage fushi, zumunci, gulma. Dabarar ita ce ka nemo aikin da ido ke gani. Zumunci ya zama "kowace Juma'a bayan masallaci gida ɗaya na dangi, ga jerin gidajen." Fushi ya zama "in raina ya ɓaci ba zan amsa saƙo ba sai na yi alwala," sai ka riƙa ƙirga ranakun da ka iya.

Kuma ka rubuta in sha Allah, an umarce mu da haka cikin Kahfi, aya ta 23 da 24. Amma a gefenta a ga kwanan wata, kar ta zama irin ta tela ana saura kwana uku Sallah.

Na huɗu: ɗaure shi jikin abin da ba ya tashi

Mu Allah ya hutar da mu neman agogo, muna da salloli biyar da ke yanka mana yini. Maimakon ka rubuta ƙarfe kaza, wanda baƙo ɗaya zai rushe, rubuta "in na sallame asuba, kafin in taɓa waya, zan buɗe Alƙur'ani a kan dardumar." "In na rufe shago, kafin in hau mashin, zan ware 500 in sa a aljihun gaba." Wani masanin halayyar ɗan Adam Bajamushe, Peter Gollwitzer, ya yi rubutu kan wannan a 1999, ya nuna wanda ya ƙayyade yaushe da ina da yadda zai yi abu ya fi wanda ya tsaya kan niyya kawai aikatawa. Ka ga kenan shawarar an gama yanke ta tun a littafi, ba sai ka tsaya ciniki da ranka da sanyin asuba ba, don in aka tsaya ciniki bargo ne ke cin kasuwa.

A ƙasan shafin kuma ka rubuta abubuwa biyu ko uku da ka san za su tare ka, da abin da za ka yi. In an ɗauke wuta, fitilar chaji na nan a cike. In ɗaurin aure ko ta'aziyya ta cinye safiya, zan rama rabi bayan isha'i. Ke uwargida da yara ba sa bari ki zauna, kar ki kwafi tsarin maigida, nemi naki gurbin, wata bayan an tafi makarantar boko ne, wata sai dare, minti goma sha biyar da kika tabbatar ta fi awa ɗayan da kike fata.

Na biyar: duba kalandar garinku

Shekara ba shimfiɗaɗɗiya ba ce. Mai noma ya san daga saukar damina zuwa girbi ba shi da lokacin kanshi, kuɗi kuma da kaka suke shigowa, to tarinshi ya yi nauyi a kaka ya yi sauƙi a damina. Watan Satumba kuɗin makaranta, gabanin Sallah ɗinki da rago, zafin Afrilu in ba da asuba ka yi tafiyarka ba ba za ka yi ba, hunturu kuma asubar ce ke wuya. Azumi na matsowa da wajen kwana 11 duk shekara, ka duba inda zai faɗo bana ka rage ma wasu burin ka ƙara ma karatu. Ɗauki shafi ɗaya ka jera watanni sha biyu ka sa alama a masu nauyi tun yanzu. Kuma ba dole sai Janairu ko Muharram ake farawa ba, Asabar mai zuwa ma rana ce.

Na shida: shaida

Mutum ɗaya, in ya yi yawa biyu. Ba sitatus ba, ba guruf ɗin 'yan ajinku ba. In ka shelanta sai a yi ta maka ma sha Allah, ka ji kamar ka riga ka yi, ga kuma baki da ido, ko Annabi Yaƙub sai da ya ce ma Annabi Yusuf kar ya ba 'yan'uwanshi labarin mafarkinshi. Nemi wanda ba ya jin nauyinka, malaminka, yayarka, matarka in tana iya faɗa maka gaskiya, ka nuna mashi shafin ka ce duk Juma'a ka tambaye ni. Abin da ya sa adashi ke aiki inda asusu ke faɗuwa kenan, uwar adashi na aiko yaro ya tsaya maka a ƙofar gida, asusu kau shiru yake har ranar da za ka fasa shi ka sayi tsire. Nawa shaidan wani abokina ne mai POS, saƙonshi kalma ɗaya ce, "Nawa?", kuma wallahi akwai satin da don kunyar wannan saƙon kaɗai na yi abin.

Na bakwai: zaman lissafi

Mai shago ba ya jiran ƙarshen shekara kafin ya buɗe littafi. Ja layuka a shafin kowane buri, kwana bakwai a jere, ranar da ka yi ka sa alama, ranar da ba ka yi ba ka bar gurbin fari, kar ka cike da ƙarya don ba wanda kake cuta. Sau ɗaya a sati, ni daren Juma'a nike yi, ka zauna minti goma ka ƙirga, ka rubuta layi ɗaya kan abin da ya hana, da layi ɗaya kan abin da za ka canza. In ka duba bayan wata guda za ka ga abin mamaki, ni sai da na ga duk ranakun da na fashe karatun asuba ranakun da aka yi ƙwallon dare ne na kai sha biyu a gidan kallo, ashe matsalar tun daren jiya take farawa, sai gyaran ya koma can.

Za ka fashe, wannan ba makawa. Maganar wai kwana 21 ke sa abu ya zama jiki ma ba ta da tushe mai ƙarfi. Phillippa Lally da abokan aikinta a wata jami'a a Landan sun bi mutum 96 suna ƙoƙarin saba ma kansu sabon abu, matsakaicin lokacin ya kama kwana 66, wani 18 wani har 254, kuma sun ga fashin rana ɗaya bai rushe ginin ba. Saboda haka in ka fashe yau, gobe ka ci gaba daga inda kake, kar ka ce sai sabon wata, kar kuma ka ɗora ma kanka ramuwar kwana biyar a rana guda. In ka ga sati uku a jere ba ka kai rabi ba, kayan ne suka fi ƙarfin jakin, raba adadin biyu, sumuni ya koma rabin sumuni, 500 ta koma 250, ka gyara ranar ƙarshe ka gaya ma shaidanka. Hadisin Nana A'isha da ke Bukhari da Muslim ya ce aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kai ko da kaɗan ne, to ragewa ba faɗuwa ba ce.

Wani lokaci kuma za ka gane burin ne ba ka so kuma, ko rayuwa ta juya, an yi maka canjin wurin aiki, an samu ƙaruwa, rashin lafiya ta shigo gida. Kar ka bar shafin haka nan yana kallonka, rubuta "na aje, saboda kaza" da kwanan wata, sannan ka jawo ɗaya daga masu bin layi a shafin ƙarshe.

Wanda ka kammala kuma ka soke shi yadda Kawu ke yi in an biya, layi ɗaya siriri a tsakiya yadda za a iya karanta abin da ke ƙasa, ba ya dagulawa, sai ya sa ranar da aka kawo a gefe. Na taɓa tambayarshi me ya sa ba ya yage shafin tunda an gama, ya ce in mutumin ya dawo neman wani bashin a nan zai duba ya ga ko ranar da ya faɗa ya kawo, ko sai da aka yi ta aike, da haka zai san nawa zai ba shi wannan karon. Kai ma in za ka rubuta na gaba, koma ka duba sati nawa wancan ya ci a zahiri, da wannan adadin za ka yi sabon lissafin.